Ƙasa Ba Ta San Ranka Ya Daɗe Ba

Jama'ar Funtuwa da Malumfashi, da ku na Bakori da Ƙafur da Ɗanja da Ɗandume, yau maganarmu a kan jirgin sama ta ke. Mun san wani zai ce, "Ina ruwan manomi da jirgin sama, mu da ko kuɗin mota zuwa Katsina sai mun kai tiyar masara kasuwa?" To, a yi haƙuri a ji mu har ƙarshe.

Ɗauki taswira ka miƙe zare daga Abuja zuwa Katsina, za ka ga zaren nan ya ratsa tsakanin Funtuwa da Malumfashi. Kwalejin koyon tuƙin jirgin sama da aka kafa a Zariya cikin 1964 maƙwabciyarmu ce, 'ya'yanmu kuwa suna cikin masu burin shigarta. Tun da 'yan bindiga suka addabi hanyoyi, manya suka bar wa talaka kwalta suka koma sama, a ƙananan jirage na gwamnati da na haya. Wanda gwamnati ta saya, daga baitulmali aka biya. Wanda ya ke tuƙa shi ɗan wani ne. Ran da ya faɗo kuwa, a gonar wani ko bisa rufin wani zai faɗo. Ashe ruwanmu ne, har da tsaki.

Abin da mu ke son faɗa guda ne. Akwai wata iyaka ta tsawo wadda doka ta yanka wa matuƙi in zai sauka cikin hazo ko gajimare, ba shi da izinin gangarawa ƙasa da ita sai idonsa ya ga fili. A ƙasar nan an sha ƙetare iyakar nan, wani lokaci don sabo, wani lokaci don kunyar babban mutumin da ke zaune a baya. In ɓarna ta auku sai a lulluɓe ta da sunan tsautsayi, a yi kwana uku ana ta'aziyya, a watse, ba wanda ya ƙaru da kome. Wannan hali shi mu ke yaƙi da shi.

SIKELIN MATUƘI

Kowa a nan ya san hazo. Daga wajen Nuwamba har zuwa Fabrairu iska takan kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi ta zube mana, har wata rana ka tsaya bakin gonarka ka kasa hango kukar da ke ƙarshenta. Da damina kuma hadari yakan taso daga gabas da la'asar, gari ya yi duhu tun rana ba ta faɗi ba. A irin wannan rana matuƙi ba ya ganin ƙasa. Makantar hazo ma ta fi sharri, domin yana iya leƙawa ya ga gona daidai ƙarƙashinsa, amma gabansa fari fat, sai ya ɗauka yana gani alhali ba ya gani.

Saboda haka aka shirya sauka da na'ura. Kowane filin jirgi da a ke sauka cikinsa ta wannan hanya yana da takardarsa, an zana hanya, an rubuta tsawon da jirgi zai riƙe a kowane zango. Gangarar a hankali ce, wajen ƙafa 300 a kowane mil guda. Matuƙi ya bar kallon waje ya zuba wa agogunan gabansa ido, babbansu kuwa shi ne agogon tsawo.

To, ga inda gizo ke saƙar. Agogon nan ba ƙasa ya ke aunawa ba, nauyin iska ya ke aunawa. In jirgi ya hau, iska ta rage nauyi, sai allura ta nuna ƙarin ƙafa. Amma nauyin iska ba ya zama wuri guda, na Kaduna dabam, na Katsina dabam, na safe dabam da na yamma, kuma hadari in ya taso yakan motsa shi. Don haka kafin sauka sai mai hasumiya ya karanta wa matuƙi lambar nauyin iskar wurin, shi kuma ya murɗa ya saita agogonsa a kanta. Can sama duk jirage lamba ɗaya su ke sawa, watau 1013, in an zo gangarowa tilas a canza zuwa lambar filin. Kuskuren maki ɗaya tak yana kawo ƙaryar wajen ƙafa 28. Kuskuren maki 10, ƙafa 280 ke nan.

Manomin auduga ba ya bukatar a yi masa dogon bayani a nan. Duk wanda ya taɓa kai kaya gaban sikeli ya san in malamin sikeli bai daidaita allura tun farko ba, ko buhu ɗari aka ɗora duk awon ƙarya ne, kuma sikelin ba zai yi tari ya ce maka ƙarya ya ke yi ba. Haka agogon matuƙi ya ke. Bambancinsu, sikelin kasuwa kuɗinka ya ke ci, na jirgi kuwa rai.

Akwai kuma wani tarkon. Agogon daga bakin teku ya ke fara ƙirga. Filin jirgin Ikko, watau Legas, bai fi ƙafa 135 bisa teku ba. Na Kano wajen ƙafa 1,560 ne, na Zariya wajen 2,170. Matuƙin da ya saba da Ikko in ya ga allura a kan 2,400 zuciyarsa takan ce akwai sauran fili mai yawa, alhali a Zariya tsakaninsa da ƙasa bai kai ƙafa 250 ba. Ƙasarmu kuwa ba shimfiɗaɗɗiyar tabarma ba ce. Ga Kufena a Zariya, ga Kwatarkwashi a hanyar Gusau, ga turakun wayar salula sun tsiro ko'ina.

A ƙarshen gangarar nan iyakar ta ke. A filin da ke da na'urar da ke jagorar jirgi har kusa da titi, galibi ƙafa 200 ce bisa ƙasa. A filin da ba shi da ita, iyakar ta fi haka nisa. In matuƙi ya iso nan, abu biyu ne gabansa ba na uku. Ya ga titi ko fitilunsa, ya sauka. Bai gani ba, ya ba inji wuta ya koma sama, ko ya kewayo ya sake gwadawa, ko ya nufi wani gari. Ƙaramin jirgi mai gangarowa ƙafa 600 a minti guda, daga ƙafa 200 zuwa ƙasa sakan 20 ne kacal. Ba lokacin shawara, shi ya sa aka yanke shawarar tun a takarda. Ba a fafe gora ranar tafiya.

SABO TURKEN WAWA

To, in doka a fili ta ke haka, me ke sa mutum mai hankali ya ƙetare ta? Ba rashin sani ba ne. Ɗalibin da ya fito Zariya jiya yana jin tsoron iyakar nan kamar wuta. Gwani shi ya fi shiga hatsari. Ya sauka Kaduna sau ɗari biyar, ya san kowane kogi da kowace hanya. Wata rana ya iso iyaka bai ga kome ba, sai ya ce bari in ɗan ƙara ƙafa hamsin in leƙa. Ya leƙa, ya ga titi, ya sauka lafiya, mai gida ya yaba masa, ya ce ai wane ba hazon da ke tare shi. Gobe ya ƙara ɗari. Jibi ya daina karanta takardar sauka domin ya haddace ta, ya daina maimaita lambar da mai hasumiya ya faɗa da kunnen basira, baki kawai ke maimaitawa. Kowace tsira da ya yi sai ta zama masa hujja, alhali bashi ya ke ci.

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga Funtuwa zuwa Zariya ya san irin direban nan mai wuce babbar mota a kan kwana. Shekara goma yana yi bai taɓa gamuwa da kowa ba, har yaran tasha suna yi masa kirari. Ba gwaninta ta tsare shi ba, ba a dai yi dace da mota mai zuwa ba ne. Ran da aka yi dace, mutane su ce tsautsayi. Tsautsayin nan kuwa shekara goma ya yi yana aika masa goron gayyata.

Kada a ce sababbin na'urori sun kashe wannan ciwo. Yanzu akwai allon da ke nuna wa matuƙi taswira da tauraron ɗan'adam, akwai na'urar da ke tuƙi da kanta. Alheri ne, amma a saukar filaye da yawa tsawon da na'urar ke bi daga agogon iskan nan ya ke fitowa. In an ba ta lambar ƙarya, za ta kai jirgi ƙasa cikin natsuwa ba ko girgiza, matuƙi yana zaune ya harɗe hannu.

Ba tatsuniya mu ke yi ba. Ran 20 ga Nuwamba, 1969, jirgin Nigeria Airways samfurin VC10 ya taso daga Landan, ya biya ta Rum, ya sauka Kano, ya tashi zuwa Ikko. Saura wajen mil 8 ya isa titi ya daki itatuwa. Mutum 87 ne a ciki, ba wanda ya fita. Masu bincike suka ce abin da ya fi ƙarfi a zatonsu shi ne matuƙan sun bar jirgin ya gangara ƙasa da tsawon da ya kamata, ba su lura ba, kuma ba su ganin ƙasa. Ran 28 ga Nuwamba, 1983, wani jirgin kamfanin samfurin F28 ya zo sauka Inugu gari a rufe, ya faɗi wajen mil 2 kafin titi, mutum 53 cikin 72 suka rasu. Ran 15 ga Maris, 2008, ƙaramin jirgi Beechcraft 1900D ya tashi daga Ikko zuwa filin Bebi kusa da Obudu da ma'aikata 3. Filin nan na saukar ido ne, gari kuwa ya rufe. Rahoton hukuma ya ce sun gangara ƙasa da tsawon da zai tsare su daga duwatsu, na'urar gargaɗi ta yi ta kuka ba su amsa da sauri ba. Sai ƙarshen Agusta mafarauta suka tsinci tarkacen, bayan fiye da wata biyar ana nema.

Ku duba, shekara 39 tsakanin na farko da na ƙarshe, ciwo ɗaya. Biyun farko manyan jirage ne masu matuƙa biyu, ɗaya na duban ɗaya. To, ina ga ƙaramin jirgi, wanda sau da yawa mutum guda ne ke tuƙi, shi ke magana da hasumiya, shi ke karanta takarda, filin da ya nufa kuma wataƙila ba na'urar jagora? Balle masu feshin tsuntsun jan-baki, waɗanda aikinsu sai magariba sa'ad da tsuntsu ya koma makwanci, su gama su nemi fili duhu ya soma.

WA ZAI CE WA GWAMNA A'A?

A babban jirgin fasinja akwai ƙofa a kulle tsakanin matuƙi da masu kuɗi. A ƙaramin jirgi babu. Mai gida yana nan bayan ƙeyarka, yana duban agogon hannunsa, ana jiransa wurin ɗaurin aure ko taron siyasa, an tara makaɗa da 'yan rakiya a fili tun hantsi. Shi ke biyan albashi. Ba sai ya ce kome ba, gyaran murya ya isa. Mu kuwa an rene mu a kan cewa ba a musu da babba, in ya ce ruwa ya yi gudu sama sai a ce ranka ya daɗe, ga shi can yana hawa. Wannan ladabi yana da kyau a zaure, amma a ƙafa 200 cikin hazo kisan kai ne.

Wani lokacin ma babban da kansa ke riƙe da sitiyari. Ran 25 ga Oktoba, 2012, Gwamnan Taraba na lokacin, Ɗanbaba Suntai, ya tuƙa jirgin jiharsa samfurin Cessna 208 daga Jalingo zuwa Yola da muƙarrabansa, tafiyar da ba ta kai awa guda ba. Jirgin ya faɗi kafin ya kai filin Yola. Allah ya sa ba a rasa rai nan take ba, amma Gwamna ya samu mummunan rauni, aka kai shi Jamus, aka wuce da shi Amurka. Aka dawo da shi cikin Agusta 2013 bai warke ba, jiha ta shiga rigimar wa ke mulki, har wa'adinsa ya ƙare bai koma aiki sosai ba. Ya rasu ran 28 ga Yuni, 2017.

Bayan shekaru Hukumar Binciken Haɗarin Jiragen Sama ta fitar da rahotonta. Ta ce ba ta iya tabbatar da ainihin sanadin faɗuwar ba, amma ta lissafa abubuwa uku: matuƙin ba shi da shaidar cancantar tuƙa irin wannan jirgi, ya zaɓi yin tafiyar ido bayan faɗuwar rana, kuma hukumar da ke sa ido a kan harkar jirage ba ta sa idon yadda ya kamata ba. Lasin da ya samu a Zariya na mai tuƙa kansa ne, ba shi da shaidar tuƙi da na'ura.

Ba mu kawo wannan don tonon asirin mamaci ba, mutumin ya sha wuya iyakar wuya. Tambayarmu ga masu rai ce. Ranar nan akwai wanda ya zuba wa jirgin mai. Akwai wanda ya karɓi takardar tafiya. Akwai masu ba da shawara, da kwamishinoni, da jami'an hukuma waɗanda aikinsu ke nan su san wa ke tuƙa me. Cikinsu duka ba a sami mutum guda da ya iya cewa, "Ranka ya daɗe, rana ta yi ƙasa, a kwana a tashi da safe" har a ji maganarsa ba. Da ɗan talaka ne ya zo da irin lasin nan ya ce a ba shi jirgin, ko ƙofar fili ba zai wuce ba.

Kada kuma wani ya ce ai mai hankali in ya shiga duhu zai lallaɓa. Tun 1954 aka gwada wannan a Jami'ar Illinois ta Amurka. Aka ɗauki matuƙa 20 waɗanda ba su koyi tuƙi da na'ura ba, aka tsare musu ganin waje. Duka jirgin ya ƙwace musu, in an raba daidai cikin sakan 178, ko minti uku ba su cika ba. Jikin ɗan'adam in ido bai ga ƙasa ba ƙarya ya ke yi masa, jirgi na karkata yana jin a miƙe ya ke. Wannan halitta ce, ba ta duban rawani, ba ta duban kujera.

RAHOTON DA AKA SA A ALJIHU

Ran 21 ga Mayu, 2021, ƙaramin jirgin sojan sama samfurin King Air 350 ya taso daga Abuja da Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, za su halarci bikin yaye kuratan soja a Zariya. Gari ya ɓaci, aka karkata da jirgin zuwa babban filin Kaduna, ya faɗi kusa da filin. Mutum 11, ba wanda ya tsira. A watan Satumba na shekarar masu bincike suka miƙa wa Hafsan Sojan Sama rahoton wucin gadi, aka ɗauki hoto, aka faɗi yawan abubuwan da aka gano, amma ba a karanta wa jama'a su ba.

A ji mu da kyau. Ba mu ce matuƙan jirgin nan sun yi kuskure ba, ba mu da hujjar faɗin haka, kuma ba za mu ɗora wa samarin da suka mutu a bakin aiki laifin da ba a nuna ba. Ƙararmu a kan rufe bakin ne. In laifin iska ne, matuƙan da ke sauka Kaduna kullum suna da haƙƙin su sani. In na'urar fili ce, haka. In matsin lamba ne daga manya, to, nan ne ma ya fi wajaba a faɗa. Mun san dokar duniya da ta ce a fitar da rahoto cikin wata 12 in da hali ba ta hau kan jiragen soja ba. Amma hazon da ya rufe wa soja ido shi ke rufe wa farar hula, titin kuma ɗaya ne. Wane sirrin yaƙi ke cikin tsawon da jirgi ya ke a bakin filin Kaduna?

Ga yadda wasu ke yi. Ran 23 ga Mayu, 2022, wani jirgin fasinja samfurin A320 ya zo sauka Faris ana ruwa. Mai hasumiya ya ce 1011 maimakon 1001, matuƙa suka saita yadda aka faɗa. Jirgin ya gangara ƙafa 280 ƙasa da inda agogo ke nunawa. Da ba su ga titi ba suka ba da wuta suka koma sama, kuma bincike ya nuna tsakaninsu da ƙasa ya rage ƙafa 6, tsawon mutum guda, wajen mil ɗaya kafin titi. Ba wanda ya ƙwarzane. Duk da haka hukumar Faransa ta bincika ta buga wa duniya, har da kuskuren ma'aikacinta na hasumiya. Abin da ya cece su kuwa ba wani abu ba ne illa bin dokar nan ta iyaka: ba ka gani ba, koma sama. Su abin da ya kusa faruwa su ke shela. Mu wanda ya faru ya ci janar-janar mu ke sawa a aljihu.

Gaskiya ɗaya za mu faɗa wa hukumarmu ta bincike, na Suntai da na Obudu ta buga su, shi ya sa muka iya kawo su nan. Amma da Turancin injiniyoyi aka rubuta, aka ajiye inda sai mai nema zai gani. Mutanen da jiragen nan ke wucewa bisa kansu ba wanda ya taɓa yi musu bayani da harshensu.

MASU CEWA ƘADDARA

Za a ce mana kwana ne ya ƙare, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Mu ma mun yi imani kowa da ranarsa. Amma malamanmu ba su taɓa karantar da mu cewa tawakkali ya hana ɗaure raƙumi ba. Manomin da ya ƙi yin noman farko ciyawa ta cinye dawa, ba ya zuwa gaban dagaci ya ce ƙaddara, ko ya faɗa dariya za a yi masa. Abin mamaki, masu saurin kiran ƙaddara in jirgi ya faɗi, su ne in ciwon kai ya kama su sai Landan. Ashe sun san rigakafi in jikinsu ne. Kalmar nan mai girma an mai da ita bargon rufe sakacin ma'aikata, mu kuwa ba mu yarda ba.

ABIN DA MU KE NEMA

Na ɗaya, kowane jirgin da aka saya da kuɗin jama'a, na soja ne ko na gwamna, in ya faɗi a buga sanadin a fili. In akwai sirrin tsaro na gaske a cire shi, a bar darasin. A kuma karanta taƙaitawarsa da Hausa a gidajen rediyon Kaduna da Kano da Katsina.

Na biyu, a rubuta cikin dokar aiki, a kuma tsare ta, cewa matuƙin da ya ƙi tashi, ko ya koma sama, ko ya karkata zuwa wani gari saboda yanayi, ba mai korarsa, ba mai rage masa girma, ba mai kiransa ofis ya ba da haƙuri. Wanda ya matsa masa lamba, kome girman rigarsa, sunansa ya fito cikin rahoto.

Na uku, Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta duba lasin kowa da ido ɗaya. Mai kuɗi ko mai mulki in yana sha'awar tuƙi, madalla, ya zauna ya ci jarrabawa kamar ɗan kowa, in bai ci ba ya koma kujerar baya.

Na huɗu, kafin kowane hunturu a gwada na'urorin jagora da fitilun titi na Katsina da Kano da Kaduna da Zariya da Sakkwato, da ma'aunan iska na hukumar NiMet, a buga ranar da aka gwada kowanne. Gwamnoni suna son gina sababbin filayen jirgi domin ana yanka ƙyalle a ga hotonsu. Gyaran fitila ba ya kawo makaɗa, amma shi ke dawo da mutane gida.

Na biyar, 'yan majalisar da muka aika daga Funtuwa da Malumfashi su tashi a zauren majalisa su tambayi rahoton Kaduna. Su ma fa irin jiragen nan su ke shiga. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ku kuma samarinmu da ke koyon tuƙi a Zariya, da ku da kuka daɗe a sama, ga saƙonmu. Ku maimaita lambar hasumiya kamar yau kuka fara jinta, in ta yi muku baƙo a kunne ku sake tambaya. Ku karanta takardar filin da kuka haddace. In kun iso iyaka ba ku ga titi ba, ku koma sama, ko Shugaban Ƙasa ne a baya. Ran da mai gida ya ɓata rai don kun kai shi Kano maimakon Katsina, ku tuna mai rai ne kaɗai ke iya ɓata rai. Sannu ba ta hana zuwa.

Manya kuwa, mun san ba ku saba a ce muku a'a ba. Dogari ya buɗe muku hanya, ɗan sanda ya tsai da motoci, alƙali ma wani lokaci ya duba fuska. Amma ƙasar da ke ƙarƙashin hazon nan ba ta karanta lambar mota, ba ta jin jiniya, ba ta san ranka ya daɗe ba. Mu da ke dafe da ita da fartanya kullum mun fi ku sanin taurinta.

Mun faɗa, mun fita. In kunne ya ji, jiki ya tsira.